Idan abin da ba zai yiwu ba ya shigo gida, dole ne marubuci ya faɗi daga ina ya fito?

Hafsatu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da makaranta. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so mu baje ta a faifai. Ina nufin gajerun labaran nan da komai yake tafiya yadda aka saba, mutum yana zuwa aiki, yana fama da bashi, yana saɓani da matarsa, sai kwatsam wani abu da hankali ba zai ɗauka ba ya faɗo cikin rayuwarsa. Shi bai ɗauki takobi ya tafi ko'ina ba, yana zaune a ɗakinsa abin ya same shi.

Na lura da yawanmu muna fara irin wannan labari da kyau, sai mun zo shafin ƙarshe tsoro ya kama mu. Wani ya ce ashe mafarki ne. Wata ta jawo kishiya da boka ta ɗora musu laifi. Wani kuma ya kawo likita ya ce taɓin hankali ne. A ganina duk ukun nan kashe labarin suke yi.

Ga misali don mu sami abin riƙewa. Gida ne na mutum biyar, miji da mata da 'ya'ya biyu da mahaifiyar mijin. Wata rana suka lura ƙofar shiga gidan tana tsukewa. Sannu a hankali suka gane cewa duk lokacin da wani ya yi ƙarya a cikin gidan, ƙofar tana raguwa da faɗin yatsa ɗaya. Ni na ce marubuci ba sai ya gaya mana wa ya sa ƙofar take haka ba. Abin da muke binsa shi ne ya nuna mana me mutanen nan biyar suka yi bayan sun gane. Me kuka gani?

Auwalu:
Wa alaikumus salam. Anti Hafsatu, ni ban yarda ba. Na ba ka lokacina na karanta labarinka, ka ɗaure mini kai, sannan ka tafi ba ka kwance ba? Wannan gudun aiki ne. Kowa zai iya cewa ƙofa ta tsuke ko kujera ta yi magana. Gwanintar tana wajen kawo dalilin da zai gamsar.

Sadiya:
Ina tare da Auwalu rabi. Na sha karanta labarin da marubucin shi kansa bai san me yake faruwa ba, sai ya fake da cewa wai zurfi ne.

Malam Garba:
Auwalu, bari in kawo maka labarai biyu da suka haura shekara ɗari ana karanta su, babu wanda ya kawo dalili a cikinsu.

Na farko na Franz Kafka ne, an buga shi a 1915. Wani ɗan tallan kamfani, Gregor Samsa, ya farka da safe ya ga ya rikiɗa ya zama wani ƙaton ƙwaro. Jimlar farko ke nan, kuma har labarin ya ƙare ba a ce ga abin da ya jawo ba. To me ya fara damun Gregor? Ya makara, jirgin ƙasan da zai hau ya wuce, maigidansa zai yi fushi, ga bashin da iyayensa suka ci wanda shi yake biya da guminsa. Har babban akawun kamfanin ya tako gida ya ji dalilin rashin zuwansa. Daga nan labarin ya koma kan iyalin. Ƙanwarsa ce take kai masa abinci da farko cikin tausayi, ita ce kuma daga baya ta ce a rabu da shi. Mai karatu yana rufe littafin yana tunanin me yake saura na ƙauna idan mai ciyar da gida ya kasa. Da Kafka ya ce wani ne ya yi masa asiri, da hankalinmu ya tafi neman mai asirin, mun bar iyalin sun sha.

Na biyu na Nikolai Gogol ne, ɗan Rasha, 1836. Wani ma'aikacin gwamnati ya wayi gari babu hanci a fuskarsa. Ya fita nema, sai ya ci karo da hancin nasa sanye da kayan sarki na babban jami'i, muƙaminsa ya fi na mai shi. Mutumin nan ya rasa yadda zai yi masa magana saboda girman muƙami. Ya je ofishin jarida zai ba da cigiya, suka ƙi karɓa don kada a zubar wa jaridar mutunci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wani babba bakinsa na rawa ya san abin da Gogol yake nufi, bai buƙaci sanin yadda hanci ya cire kansa ba.

Auwalu:
Malam, na ji. Amma su waɗannan manya ne, an riga an sallama musu. Ni idan na yi haka cewa za a yi ban iya ba.

Malam Garba:
Lokacin da Kafka ya rubuta nasa ba a sallama masa ba tukuna. Kafka ma'aikacin inshora ne, da dare yake rubutu.

Maman Khalil:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Malam Garba, waɗanda ka ambata sun rubuta wa masu karatun da yawancinsu suke ɗaukar abin a matsayin ƙirƙira zalla. Mu kuwa mun yi imani da gaibu. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu. Sihiri ma gaskiya ne, an ambace shi a Baƙara aya ta 102, kuma haramun ne. To idan Hafsatu ta rubuta ƙofa tana tsukewa ba ta ce komai ba, mai karatunta ba zai bar wurin a buɗe ba. Da kansa zai cike, ya ce aljani ne ko sammu. Shirun nata bai hana bayanin da take gudu ba.

Abu na biyu da ya fi damuna, ina ganin labarai da ake nuna yarinya ta sami wani zobe ko laya, duk matsalarta ta warware, ta auri wanda take so, ta yi arziki. Yara suna karantawa. Wannan tallata abin da bai kamata ba ne, ko marubucin bai yi niyya ba.

Hafsatu:
Maman Khalil, maganarki ta farko ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne mai karatu zai cike. To amma ki duba, idan ya cike da kansa, zargin yana nan a matsayin zargi. A cikin labarin ma haka za a yi. Mahaifiyar mijin za ta ce surukarta ce ta jawo. Matar za ta ce tun da aka sayi gidan ba ta yarda da shi ba. Mijin zai kira magini ya auna, maginin ya ce ƙasa ce take motsi. Kowa da bayaninsa, kuma bayanin kowa yana tona abin da yake zuciyarsa tun da can. Wannan ina so. Abin da ba na so shi ne ni marubuciya in sauko in buga hatimi a kan ɗaya in ce shi ne daidai.

Yaya Nura:
A kan maganarki ta biyu Maman Khalil, labarin zoben da yake warware komai ko an cire batun addini labari ne mara ƙarfi. Babu abin da jarumar ta biya, to me za mu ji tsoro a kai? Tsofaffin labaran da suka yi suna a wannan fanni kusan duk akasin haka suke.

Akwai na W. W. Jacobs, Baturen Ingila, 1902. Wani tsoho da matarsa sun sami busasshen hannun biri mai biyan buƙata uku. Tsohon bai ma yi haɗama ba, fam ɗari biyu ya roƙa don ya ƙarasa biyan kuɗin gida. Washegari inji ya kama ɗansu tilo a wurin aiki ya mutu, kamfanin ya aiko da diyya, fam ɗari biyu cif. Bayan kwanaki uwar ta matsa a roƙi dawowar ɗan. Cikin dare aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ita tana kokawa da sakata za ta buɗe, shi yana lalube a ƙasa yana neman hannun birin, domin shi ya ga gawar, ya san abin da yake tsaye a waje. Jacobs bai taɓa nuna mana abin da yake bayan ƙofar ba.

Sai na Robert Louis Stevenson, 1891, kwalba mai shaiɗani a ciki. Tana ba ka duk abin da ka nema, amma idan ka mutu tana hannunka wuta za ka, kuma ba ta sayuwa sai a ƙasa da yadda ka saye ta. Ka ga kullum farashi yana sauka, wata rana zai kai inda babu sauran kuɗin da ya fi shi ƙanƙanta. Labarin ya zama na miji da mata, kowanne yana neman ya sayi halakar a ɓoye don ya ceci ɗayan. Wa zai karanta waɗannan ya fita yana sha'awar kayan tsafi?

Maman Khalil:
Wannan na yarda da shi. Idan abin yana da farashi irin wannan, ba ni da ja. Amma sharaɗina yana nan, kada a nuna wanda ya je wurin boka ya ci riba.

Auwalu:
Yaya Nura, ai ka dawo kan maganata ba ka sani ba. Kwalbar nan an yi mata bayani dalla-dalla. Yadda ake sayarwa, abin da zai faru idan an mutu da ita. Ina shirun da Anti Hafsatu take kira?

Yaya Nura:
A'a ƙanena, abu biyu kake haɗawa. Akwai ƙa'ida, akwai asali. Ƙa'ida ita ce yadda abin yake aiki, me yake yi, me ba ya yi, me yake ci. Wannan dole mai karatu ya sani, kuma dole marubuci ya tsaya a kanta, kada ya canza a tsakiya don ya fitar da kansa daga rami. Asali shi ne wa ya yi, don me, tun yaushe. Wannan kana iya taɓawa da jimla ɗaya ko ka bar shi gaba ɗaya. Abin da Sadiya ta yi ƙorafi a kai rashin ƙa'ida ne. Abin da Hafsatu take karewa rashin asali ne.

H. G. Wells ya yi magana mai kama da wannan a gabatarwar da ya rubuta wa tarin littattafansa a 1933. Ma'anar abin da ya ce, ka ɗauki abu ɗaya tak wanda ba zai yiwu ba, sauran komai ka bar shi yadda yake a duniya. Idan ƙofa tana tsukewa, kada kuma kyanwar gidan ta fara magana, kada kaka ta tashi sama. Inda komai zai iya faruwa babu abin da yake ba da mamaki.

Sadiya:
Yauwa, yanzu na gane inda matsalata take. Kuma wannan ya sa na tuna bambancin irin wannan labari da abin da muka taso da shi. Tatsuniya tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, tana rufewa da ƙurunƙus. An gaya maka ka shiga wata duniya, an gaya maka ka fito. A ciki Gizo ya yi magana da zaki babu mai tambaya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, su kuma tafiya ce. Jarumi ne yake barin gida ya je inda abin al'ajabi yake. Wanda muke magana a kai ya juya abin, al'ajabin ne yake tattaki ya zo ya same ka, kuma babu wanda ya yi maka sallama kafin ya shigo.

Malam Garba:
Sadiya, abin da kika hango da kanki wata mai nazari, Farah Mendlesohn, ta tsara shi a littafinta na 2008. Ta kasa irin waɗannan labarai gida huɗu, biyu daga ciki su ne naki: wanda jarumi yake ƙetarawa zuwa wata duniya, da wanda baƙon abu yake kutsowa cikin tamu. Kuma akwai abin da ya biyo baya ga mai rubutu. A labarin tafiya ƙoƙarinka yana wajen siffanta baƙuwar ƙasa. A labarin kutse ƙoƙarinka yana wajen siffanta gidan. Idan ban ji gidan nan na mutum biyar da gaske yake ba, ban san wa yake fara tashi da safe ba, ban san wa yake ɓoye takardar sakamakon jarrabawa ba, to tsukewar ƙofa ba za ta taɓa ni ba. Kashi tara cikin goma na aikin rubutun zahiri ne na yau da kullum.

Bilkisu:
Ni tambayata a kan ƙofar ce kanta. Idan aka faɗi gaskiya tana buɗewa?

Auwalu:
Dole mana. Sai kowa ya tuba ya faɗi abin da ya ɓoye, ƙofa ta koma yadda take. Ga ƙarshe mai daɗi.

Hafsatu:
A'a Auwalu, nan ne ba zan bi ka ba ko kaɗan. Idan ta buɗe da gaskiya, labarin ya zama darasin aji uku, ƙarya ba kyau, gaskiya dokin ƙarfe. Kowa ya san wannan kafin ya fara karantawa. Ni a wurina ba ta buɗewa. Abin da ya tafi ya tafi.

Kuma ƙaryar da nake son in kai labarin gare ta ba ta mugunta ba ce. A ce tsohuwar ba ta da lafiya, likita ya gaya wa ɗanta abin da ya gani, ita ba ta sani ba. Da dare ta kira shi ta ce, me likita ya ce? Ƙofar a lokacin da ƙyar babban mutum yake wucewa a karkace. Idan ya ce mata babu komai Inna, za ki warke, yatsa ɗaya ya tafi, kuma duk gidan za su gani da safe, ita ma za ta gani ta gane. Idan ya faɗa mata gaskiya ya karya mata zuciya da bakinsa. Ga kuma abin da kowa yake tunani ba mai iya furtawa, ta wace ƙofa za a fitar da ita idan lokaci ya yi. Wannan daren shi ne labarin. Duk abin da ya gabata shiri ne don a iso nan.

Bilkisu:
Innalillahi. Anti, tsigar jikina ta tashi.

Maman Khalil:
To ai ya yi shiru kawai, ko ya ce mata Allah ne mai warkarwa. Bai yi ƙarya ba.

Hafsatu:
Zai iya, kuma ina jin haka mutum mai hankali zai yi. Amma uwa ce, ta san ɗanta. A gidan da kowa ya daina ƙarya, shiru ya zama amsa. Kin ga ƙofar ta ƙwace musu har da rufin asirin da ake yi wa juna don tausayi. Shi ya sa nake cewa ban damu da wanda ya tsuke ta ba.

Yaya Nura:
Akwai rami ɗaya da sai kin toshe, Hafsatu. Me ya hana su fasa bango su yi wata ƙofar, ko su tashi daga gidan? Mai karatu irin Auwalu zai tambaya, kuma yana da gaskiya. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Sakin layi ɗaya ya isa, sun fasa, sabuwar ma ta kama tsukewa daidai da tsohuwar. Tashi kuma, gidan bashi ne a kansa, wa zai saya a haka? Talauci da bashi sun fi kowane tsafi iya tsare mutum a wuri ɗaya, kuma mai karatu ba zai yi musu da su ba.

Sadiya:
Da maƙwabta fa? A zamanin nan kafin azahar wani ya ɗauka a waya ya sa a TikTok. Wannan yana ba ni wahala a nawa rubutun. Abin mamaki ba ya ɓoyuwa yanzu.

Malam Garba:
Kada ki ɓoye shi, ki bar su su zo. Gabriel García Márquez na Kolombiya yana da gajeren labari na 1968, wani tsoho tukuf mai manyan fukafukai ya faɗo a tsakar gidan wasu talakawa bayan ruwan sama na kwanaki. Suka kulle shi a akurkin kaji. Jama'a suka yi ta tururuwa, matar gidan ta fara karɓar kuɗin shiga, har suka gina bene da abin da suka tara. Da aka kawo wani abin kallo sabo garin, wata mace da ta zama gizo-gizo, sai kowa ya watse ya koma can, aka bar tsohon cikin ƙazanta kamar wata tsohuwar tukunya. Babu wayar hannu a lokacin, amma halin ɗan Adam ɗin shi ne na yau. Za a yi kwana uku ana cincirindo a ƙofar su Hafsatu, wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wani ya zo ya yi ƙarya da gangan a zaure don ya gwada, ya ci musu yatsa ɗaya a banza ya tafi yana dariya. Sati na zagayowa an manta da su, su kuwa suna nan da ƙofarsu.

Hafsatu:
Malam, wannan na mai zuwa gwaji ban yi tunaninsa ba. Ka ba ni izini in ɗauka?

Malam Garba:
Ɗauki, halak malak.

Auwalu:
Na sauko a kan asali, ban sauko a kan mafarki ba. Malam, ba akwai masanin da ya ce daɗin irin wannan labari shi ne mai karatu ya kasa tantance ko abin ya faru da gaske ko a kan mutumin yake ba? To mafarki ai yana cikin wannan.

Malam Garba:
Tzvetan Todorov kake nufi, littafinsa na 1970 da ya rubuta da Faransanci. Amma abin da ya ce ya saɓa da inda kake son kai shi. A wurinsa labarin yana rayuwa ne muddin shakkar tana nan. Da zarar ka yanke hukunci, ko ka ce mafarki ne ko ka ce gaske ne, ka fita daga wannan nau'in ka shiga wani. Wanda ya ce sai ta farka ta ga ashe barci take yi ya yanke hukunci, kuma ya yanke shi ta hanyar da take gaya wa mai karatu cewa duk fargabar da ya sha ba ta da amfani. Idan shakka kake so, ka ba da labarin ta bakin mutum ɗaya wanda ba mu gama yarda da shi ba, ka bar wata 'yar shaida a ƙarshe da ta ƙi dacewa da bayanin hankali.

Auwalu:
To a labarin ƙofar ba za a iya wannan ba, tunda mutum biyar ne suka gani, har da magini da awonsa.

Yaya Nura:
Haka ne, na Hafsatu ba na shakka ba ne, ƙofar ta tsuke da gaske. Abin da ya rage mata ta zaɓa shi ne bakin wa za a ji labarin. Ni da ƙaramar 'yar zan ba. Ita ce za ta fi kowa daɗewa tana iya wucewa, don haka ita za a riƙa aika waje idan manya sun kasa, kuma ita ce take jin abin da kowa yake faɗa ba a lura da ita.

Bilkisu:
Ni kuma da matar zan ba. Ita ake zargi tun farko, kuma ba mu ji ko tana da abin da take ɓoyewa ba.

Hafsatu:
Tana da shi, Bilkisu. Shi ya sa nake tsoron ba ta bakin, za ta faɗa mana da wuri. Zan gwada da yarinyar tukuna, in ya ƙi in dawo kan uwar. Maman Khalil, idan na gama ke zan fara tura wa ki duba mini wurin da tsohuwar take zargin sammu, kada in wuce gona da iri.

Maman Khalil:
Turo, Allah ya ba da sa'a. Amma ki sa wani a gidan ya tsawata mata a kan zargin da ba ta da hujja, ko da jikanta ne.